Farfesa Thomas Adeoye Lambo: Likitan da Ya Mai da Ƙauye Asibiti

Gabatarwa

A garinmu Iware, kusa da Jalingo, idan taɓin hankali ya kama mutum, hanya biyu dangi suka fi sani: ko a riƙa kai shi asibiti lokaci-lokaci yana karɓo magani, ko kuma, in abin ya yi tsanani, a kulle shi a ɗaki, wani ma a sa masa mari. Wannan ne ya sa na zaɓi in kawo wa 'yan uwana ɗalibai tarihin mutumin da ya nuna cewa akwai mataki a tsakanin waɗannan biyun.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Thomas Adeoye Lambo a Abeokuta, cikin ƙasar Yarabawa, a shekarar 1923. Ya yi sakandare a garinsu, sannan ya wuce Ingila, inda ya karanta aikin likita a Jami'ar Birmingham. Daga nan ya ƙware a fannin lafiyar ƙwaƙwalwa a asibitin Maudsley da ke Landan. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya samu wannan ƙwarewa. A zamanin, gidajen da Turawan mulkin mallaka suka tanada, irin na Yaba a Legas, sun fi kama da kurkuku fiye da wurin jinya.

Tsarin Ƙauyen Aro

A shekarar 1954 ya dawo gida aka ba shi jagorancin asibitin Aro, a gefen Abeokuta, wanda a lokacin ba a gama gina shi ba. Lambo bai zauna jiran gini ba. Ya nemi shugabannin ƙauyukan da ke kewaye da asibitin su amince a sauke marasa lafiya a gidajen mutanensu, a riƙa biyan kuɗin haya.

Sharaɗi shi ne kowane majinyaci ya zo da ɗan uwansa, galibi uwa ko 'yar uwa, wadda za ta dafa masa abinci, ta yi masa wanki, ta sa masa ido. Da safe sai ta raka shi asibiti, ya ga likita, ya karɓi magani, ya yini cikin ayyukan hannu tare da sauran majinyata. Da yamma ya koma masauki ya kwana cikin mutane. Akwai kuma ma'aikatan jinya a ƙauyen, don kada wani abu ya taso da dare a rasa mai taimako.

Hikimar ita ce majinyaci yana samun kulawa kullum, ba sau ɗaya a mako ba, amma ba a raba shi da dangi da kasuwa da gona ba. Wanda ciwonsa ya yi tsanani ne kawai ake kwantarwa. Ɗan uwan da ya raka shi kuwa yana koyon alamomin ciwon, ta yadda in sun koma gida zai gane in ciwon na neman dawowa. Lambo ya kuma jawo masu maganin gargajiya ya yi aiki da su, domin ya san su jama'a suke fara zuwa wa.

Sauran Ayyukansa

A 1961 ya shirya taron farko na likitocin ƙwaƙwalwa na Afirka a Abeokuta. Ya zama farfesa a Jami'ar Ibadan, ya kuma shugabance ta daga 1968 zuwa 1971. Daga nan ya koma Hukumar Lafiya ta Duniya, ya kai matsayin mataimakin babban darakta, har ya sauka a 1988. Ya rasu a watan Maris na 2004.

Kammalawa

A 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958. Sai dai doka kaɗai ba ta jinya. Abubuwan da Lambo ya dogara da su, wato dangi masu haƙuri da maƙwabta masu karɓar baƙo, muna da su a Iware. Abin da ya rage shi ne likita da ma'aikatan jinya a kusa, waɗanda za su karɓi majinyaci da safe, su sallame shi da yamma.