Muhammadu al-Katsinawi: Masanin lissafin Katsina da ya rasu a Alƙahira

Muhammadu ibn Muhammad al-Fulani al-Katsinawi malami ne ɗan Katsina da ya yi fice a ilimin lissafi da na taurari. Bayan ya sauke farali a Makka, ya zauna a Alƙahira.

A 1732 ya rubuta littafi da Larabci kan dabarun tsara hatimi. Misali, a jera lambobi 1 zuwa 9 cikin gida tara, kowane layi ya tashi 15, a tsaye, a kwance ko a karkace. Jimillar lambobin 45 ce, idan aka kasa ta uku, kowane layi ya samu 15.

Ya rasu a 1741 a gidan malamin Masar Hasan al-Jabarti, wanda ya bar wa amanar littattafansa. A Alƙahira aka binne shi, nesa da Katsina.