Rudolf Diesel: Ya Ƙera Inji Domin Talaka, Ya Mutu da Bashi a Wuya

Duk gingimarin da ke ratsa Kankiya a kan hanyar Kano zuwa Katsina, ɗauke da hatsi ko shanu, yana tafe ne da sunan wani mutum da ya ɓace a teku a shekarar 1913.

An haifi Rudolf Diesel a birnin Paris ranar 18 ga Maris, 1858, iyayensa Jamusawa ne masu ƙaramin ƙarfi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Faransa da Jamusawa a 1870, iyalin suka yi hijira zuwa Landan, shi kuma aka tura shi Augsburg wurin dangi. Ya kammala karatun injiniya a Munich a 1880.

Abin da ya tsaya masa a rai shi ne asarar da injin tururi ke yi, wanda ke zubar da kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin makamashinsa. Sai ya ƙirƙiro injin da ba ya buƙatar fulogi: fistin ya matse iska har ta yi zafi, a feso mai, ya kama da kansa. A gwajin 1897 injin ya mayar da kashi 26 cikin 100 na ƙarfin mai zuwa aiki. Matsin nan ne ya sa ake ƙera injin dizal da ƙarfe mai kauri, shi ya sa har yau bakanike ke iya sauke tsohon inji, ya sauya fistin da ringi, ya mayar da shi kan hanya.

Burin Diesel ya wuce ƙarfe. Ya so ƙananan masu sana'a su samu inji mai araha da za su yi gogayya da manyan masana'antu. A 1903 ya wallafa littafin Solidarismus, inda ya nemi ma'aikata su mallaki masana'antu ta hanyar haɗin gwiwa, amma littafin bai samu kasuwa ba. A baje kolin Paris na 1900 kuwa, an tayar da injin irin nasa da man gyaɗa, amfanin gonar da daga baya aka tara dalarsa a Kano.

Bashi ya yi masa katutu a ƙarshen rayuwarsa. Daren 29 ga Satumba, 1913 ya shiga jirgin ruwan Dresden daga Antwerp zuwa Ingila, gari ya waye babu shi. Bayan kwana goma aka ga gawa a teku, ɗansa Eugen ya shaida kayan da aka ciro daga jikinta.

Bai ga motar dakon kaya mai injinsa ba. Sai a 1923 da 1924 kamfanonin Benz da MAN suka fito da ita. A Najeriya ta yau, duk lokacin da kuɗin dizal ya tashi, kuɗin dako ya bi shi, farashin masara ma ya bi baya, kuma talakan da Diesel ya so ya 'yantar shi ke biya.