Pierre Curie: Masanin da bincikensa ya share fagen auna abin da ido ba ya gani

An haifi Pierre Curie a birnin Paris na ƙasar Faransa ranar 15 ga Mayu, 1859. Mahaifinsa likita ne, kuma a gida aka koyar da shi karatun farko.

A shekarar 1880, yana ɗan shekara 21, shi da yayansa Jacques suka gano cewa idan aka matsa wani dutse mai sheƙi da ake kira kwaz, yakan fitar da lantarki gwargwadon ƙarfin matsin. Shekara guda bayan haka suka tabbatar da hasashen masani Gabriel Lippmann cewa idan aka sa wa dutsen lantarki, yakan ɗan miƙe ko ya tsuke.

Da wannan sani suka ƙera na'urar auna lantarki mai rauni ƙwarai. Da ita Marie, wadda Pierre ya aura a 1895, ta auna ƙarfin haskoki marasa ganuwa da ma'adinin yuraniyom ke fitarwa. Aikin ya kai ma'auratan ga gano sinadaran poloniyom da radiyom a 1898, kuma a 1903 suka raba lambar yabo ta Nobel a fannin kimiyyar lissafi da Henri Becquerel.

Pierre ya rasu ranar 19 ga Afrilu, 1906, yana da shekara 46, bayan wani keken doki ya take shi a titin Dauphine da ke Paris.

Duk da cewa radiyom ne ya ɗaukaka sunansa, binciken ƙuruciyarsa bai daina amfani ba. A 1959 Bajamushe Günter Sauerbrey ya nuna cewa siririn faifan kwaz da lantarki ke kaɗawa yakan rage saurin kaɗawarsa daidai da nauyin abin da ya manne masa.

A yau masana kan shafa wa irin wannan faifai sinadarin da ke kama abu guda takamaimai, kamar iska mai guba ko ƙwayar cuta. Da zarar abin ya manne, saurin kaɗawar ya sauya, sai na'ura ta sanar. Da haka ake auna nauyin da bai wuce kashi ɗaya cikin biliyan na giram ba.

A 1995 aka mayar da gawarwakin Pierre da Marie ginin Panthéon, makwancin manyan gwarazan Faransa.