Sardauna: Daga Shari'ar Jangali a Gusau Zuwa Kundin 1959

Kowa a makarantar nan ya san hoton Sa Ahmadu Bello a jikin naira 200, amma ba kowa ya san cewa a Gusau ya fara ɗanɗana ɗacin mulki ba. Haifaffen Rabah ne, jinin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ya gama Kwalejin Katsina a 1931, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934. A 1938 ya nemi sarautar Sarkin Musulmi, aka naɗa Abubakar na Uku. Shi kuwa aka ba shi Sardauna, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabas, har da ƙasarmu ta Ruwan Bore.

A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali. Kotun Sarkin Musulmi ta yanke masa ɗaurin shekara ɗaya, ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, aka wanke shi. Da wani ne, da ya riƙe abin har kabari. Shi kam suka shirya da Sarki, suka ci gaba da aiki tare.

Ya zama Firimiyan Arewa a 1954, kuma aikin da ya fi burge ni a mulkinsa shi ne na shari'a. Da 'yanci ya matso, waɗanda ba Musulmi ba suna tsoron kotunan alƙalai, sun kai kukansu gaban hukumar Willink. Malamai da sarakuna kuma suna tsoron a shafe shari'a. Kowane ɓangare da gaskiyarsa fa. To, a 1958 gwamnatinsa ta tura wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda ake yi, sannan ta kafa kwamitin masana. Dubi waɗanda suka zauna tebur ɗaya: Alƙalin Alƙalan Sudan, Abu Rannat, a matsayin shugaba, Mai Shari'a Muhammad Sharif daga Pakistan, Farfesa Anderson daga Landan, Shettima Kashim, Alƙali Musa na Bida, da Peter Achimugu, Kirista ɗan Igala. Daftarin ma sai da malamai ƙarƙashin Waziri Junaidu suka bi shi sashe-sashe.

Sakamakon shi ne kundin hukunta laifuka na 1959, wanda ya fara aiki a 1960. Ba wanda ya samu duk abin da yake so. Yanke hannu bai shiga ba, amma an bar bulalar haddi ga Musulmin da ya sha giya. Aure da saki da gado suka tsaya a hannun alƙalai, aka kafa musu Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a.

Ba zan rufe masa ba: wanda ya san zafin shari'ar siyasa, a zamaninsa ne 'yan NEFU suka sha ɗauri a kotunan En'e, ƙasar Tibi kuma ta yi bore a 1960 da 1964. Sulhun da ya iya da malamai da Kiristocin majalisarsa bai kai ga 'yan hamayya ba.

Sojoji suka kashe shi a gidansa na Kaduna ranar 15 ga Janairu, 1966. Kundin ya yi shekara 40 yana aiki a kan kowa a nan, har 2000 da Zamfara ta fara aiki da nata kundin shari'a ga Musulmi, bayan an ƙaddamar da shi a wannan Gusau ɗin dai.