Sarki Alhaji Abdullahi Bayero da Makarantar Shari'a ta Kano

Da yawa daga cikinmu nan Gumel da Maigatari mun tura 'ya'yanmu Jami'ar Bayero, amma kaɗan ne ke tambayar wane ne mai sunan. Shi ne Sarkin Kano Abdullahi Bayero ɗan Sarki Abbas, wanda aka haifa a 1881. Ya riƙe sarautar Ciroma, sannan ya hau gadon Dabo a 1926, bayan rasuwar Sarki Usman.

Ya hau ne a lokaci mai wuya. Turawa sun bar kotunan alƙalai, amma sun rage musu iko, sun hana zartar da wasu haddodi. Malaman zaure kuwa na ƙyamar duk makarantar da ke da benci da ƙararrawa, kuma ba mu ga laifinsu ba, domin sun ga yadda aka ci ƙasar. Tambayar ita ce: wa zai riƙe shari'a nan gaba, kuma a ina zai yi karatu?

Sarki da Wazirinsa Muhammadu Giɗaɗo suka tsaya a kan a samar da makaranta. A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano domin lardunan Arewa duka, har da ƙasar Gumel wadda a lokacin take cikin Lardin Kano. Aka ɗauko malamai uku daga Sudan, cikinsu akwai Shehu Bashir al-Rayyah. Fiƙihun Malikiyya aka koyar, wanda ake karantawa a zaure, sai dai yanzu da aji da jarrabawa, da kuma Larabcin da ɗalibi zai iya magana da rubutu da shi, ba fassara kaɗai ba. Bukatar Turawa dai ma'aikatan kotu ne. Abin da ya fito ya zarce haka, domin a nan Shehu Abubakar Gumi ya yi karatu. A 1947 aka faɗaɗa ta zuwa Makarantar Nazarin Larabci, kuma a harabarta aka fara kwalejin da aka sa wa sunan Sarkin a 1962, wadda ta zama jami'a a 1977.

Ya yi aikin Hajji a 1937, shi ya sa ake ce masa Sarki Alhaji, kuma a zamaninsa aka sake gina babban masallacin Juma'a na Kano. Ya rasu a Disambar 1953, aka binne shi a Nassarawa. Allah ya gafarta masa.