Thudichum: Likitan da ya tantance kitsen ƙwaƙwalwa

An haifi Johann Ludwig Wilhelm Thudichum a garin Büdingen na ƙasar Jamus a shekarar 1829. Ya yi karatun likita a Jami'ar Giessen, inda ya koyi ilimin sinadarai a wajen Justus von Liebig, kafin ya koma Landan a 1853.

A zamaninsa, masana da dama sun yi imani cewa wani sinadari guda mai suna protagon shi ne ginshiƙin ƙwaƙwalwa. Thudichum ya dage cewa haɗin gambiza ne kawai. Ya shafe shekaru yana rarrabe nau'o'in kitsen da ke cikinta, har ya gano wanda ke ɗauke da sukari, ya raɗa masa suna serebrosid, ya kuma wallafa sakamakon a littafinsa na 1884.

Maimakon yabo, sai takwarorinsa irin su Arthur Gamgee suka yi masa ca. Ya rasu a Landan a 1901, kuma sai bayan rasuwarsa aka tabbatar da gaskiyarsa.

Har gobe ana kan aikin da ya fara. Serebrosid iri biyu ne: mai sukarin galaktos da mai gulukos. Nauyinsu ɗaya, don haka na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadarai ba ta bambanta su sai an fara raba su. Bambancin ba ƙarami ba ne: mai gulukos ne ke taruwa a saifa da hanta a cutar Gaucher, yayin da gaza sarrafa mai galaktos ke jawo cutar Krabbe mai lalata ƙwaƙwalwar jarirai.