Ɗan Hausa da Iyalinsa

Yaron da ya tashi daga Birnin Kudu ko Gwaram ya tafi Kano, in ya sami mai yi masa jagora, ya kamata ya biya ta Nasarawa. A can zai ga wani tsohon gidan ƙasa mai zankwaye da soraye, an yi wa bangonsa zane irin na maginan Kano. Sunansa Gidan Ɗan Hausa. Wanda bai sani ba sai ya zaci wani basarake ne ya zauna ciki, amma kuwa Bature ne da matarsa. Ga labarinsa.

Sunansa na yanka Hanns Vischer, ana faɗinsa Fisha. An haife shi a shekarar 1876 a birnin Basel, cikin ƙasar Suwizalan. Watau asalinsa ba mutumin Ingila ba ne, karatu ne ya kai shi can, ya shiga jami'ar Kambirij. A shekarar 1901 ya zo ƙasarmu tare da 'yan mishan, suka sauka Loko a bakin kogin Binuwai. Bai daɗe ba ya bar aikin mishan. A shekarar 1903, shekarar da Turawa suka ci Kano da Sakkwato da yaƙi, ya zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnati, aka tura shi Barno ya zama mataimakin Razdan.

A shekarar 1906, da hutunsa ya ƙare, maimakon ya komo ta jirgin ruwa kamar sauran Turawa, sai ya ƙudura zai keto Sahara. Ya tashi daga Tarabulus, a bakin Bahar Rum, da ayarin raƙuma. Cikin ayarin akwai alhazai masu komowa daga Makka, da bayin da suka sami 'yanci suna marmarin ganin gida. Suka bi tsohuwar hanyar fatake ta Murzuk da Bilma, wadda a dā a kan kora bayi ta cikinta zuwa arewa. Hanya ce mai ƙishirwa da mahara, in aka kuskure rijiya guda sai ayari ya halaka. Suka yi fiye da wata 5 suna tafiya kāna suka iso bakin tafkin Cadi. Ya rubuta labarin wannan tafiya, aka buga shi littafi a shekarar 1910.

A zamanin nan babu makarantar gwamnati ko guda a ƙasar Kano. Makarantun allo da na ilmi kuwa suna nan dubbai, mutane na karatu da rubutu da Larabci da ajami tun shekaru aru-aru. Amma Turawa suna bukatar malamai da akawuna waɗanda za su riƙe lissafin haraji da takardun mulki da baƙaƙen da su Turawan suka iya karantawa. Saboda haka a shekarar 1908 Gwamna Girouard ya ɗora wa Vischer aikin ilmi. Ya tafi Masar da Sudan ya dubo yadda a ke koyarwa a can, sa'an nan ya buɗe makaranta a Nasarawa a shekarar 1909, zamanin Sarkin Kano Abbas.

To, a nan wahala ta ke. Mutane ba su manta ba da cewa da bindiga Turawa suka shigo, kuma an san shi kansa da 'yan mishan ya fara zuwa. Iyaye suka ji tsoron kada a raba 'ya'yansu da addininsu. Har waɗansu manya, da aka ce su kawo 'ya'yansu, sai suka aiko da 'ya'yan barorinsu. Ba za mu ga laifin masu tsoron nan ba, domin babu uban kirki da zai miƙa ɗansa ga baƙon da bai san nufinsa ba.

Vischer ya gane cewa da tilas kaɗai ba za a sami yardar mutane ba. Sai ya fara da manyan malamai, ya koya musu sabon rubutu da lissafi, domin su kuma su koya wa yara. Ya sa a yi koyarwa da Hausa. Ya bar wa malaman Musulunci karatun addini da Larabci, ba a kuwa yin wa'azin mishan a makarantar. Yara suka ci gaba da sa rigunansu da hulunansu, suna salla a kan lokaci. Aka raba makarantar sassa: sashen malamai, da na 'ya'yan sarakuna, da na sauran yara, da na sana'a, inda a ke koyon sassaƙa da ƙira da dukanci. Kafin ƙarshen shekarar 1913 almajiranta sun zarce 200, daga larduna dabam dabam na Arewa.

Shi kuma yana jin Hausa ƙwarai. Ya san gaisuwa, ya san yadda a ke yi wa babba magana, ya zauna gidan ƙasa kamar masu garin. Don haka aka laƙaba masa suna Ɗan Hausa, sunan ya bi shi har ya danne na yanka.

Ba shi ya fara rubuta Hausa da baƙaƙen boko ba, akwai Turawan da suka riga shi, amma kowa da irin tasa hanya. A shekarar 1912 ya fito da ƙa'idodin rubutun Hausa, domin makarantu da ofisoshi su bi hanya guda. Daga baya an yi musu gyara. Baƙaƙen nan masu lanƙwasa, watau ɓ da ɗ da ƙ, sai bayan shekarar 1930 aka shigo da su, zamanin Dokta East a Zariya.

Yanzu sai mu koma ga iyalinsa. A shekarar 1911 ya auri wata 'yar ƙasarsu mai suna Isabelle, ta biyo shi Kano suka zauna gidan nan na Nasarawa. A lokacin nan Turawa kaɗan ne ke zuwa da matansu, don tsoron zazzaɓi da nisan hanya. Ita kuwa ta bar danginta da ƙasarta mai sanyi da duwatsu, ta zo ta zauna cikin zafin bazara da ƙurar hunturu. Ta lura da zaman mutanen Kano, ta rubuta abin da ta gani da harshen Faransanci, aka buga shi a shekarar 1917. Allah ya ba su 'ya'ya maza, amma a Turai suka girma.

Dalili kuwa shi ne, Turawan da suka zo Arewa ba su yi kaka-gida ba kamar yadda 'yan'uwansu suka yi a Kenya, inda suka karɓe gonakin mutane. A nan dokar ƙasa ta shekarar 1910 ta hana a sayar wa baƙi ƙasa. Da Yaƙin Duniya na Farko ya tashi a shekarar 1914, bai jima ba ya koma Turai ya shiga aikin soja. Daga shekarar 1923 zuwa 1939 shi ne sakataren kwamitin da ke ba gwamnatin Ingila shawara kan ilmi a ƙasashen Afirka. Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sa a shekarar 1941. Ya mutu a Ingila a shekarar 1945.

Birnin Kudu da Gwaram suna cikin ƙasar Kano a zamaninsa, har zuwa shekarar 1991 da aka yi Jihar Jigawa. Saboda haka makarantunmu na boko, har da Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, in aka bi salsalarsu, sai a tarar ta kai ga Nasarawa. Gidansa kuwa an mai da shi gidan tarihi.

Ɗan Hausa ma'aikacin mulkin mallaka ne, bukatar mulkin nan ce ta haifi makarantarsa, wannan ba a ɓoye ya ke ba. Amma Turawa da yawa sun yi mulki a Kano sun wuce, yau ba mai tuna sunansu. Shi kuwa da ya sunkuyar da kai ya koyi harshen masu gida da ladabinsu, ga sunansa nan a bakin mutane har yanzu.

Tambayoyi

1. A wace ƙasa aka haifi Ɗan Hausa?
2. Ta waɗanne garuruwa ayarinsa ya bi a shekarar 1906?
3. Don me iyaye suka ji tsoron makarantar Nasarawa?
4. Me ya sa aka laƙaba masa wannan suna?